Kalandar da Baban Baya Bai Rubuta Ba

A ofis Baban Baya suke kiransa, Allah ya jiƙansa. Ba zagi ba ne. Shi ya girmi kowa a wurin, kuma aikinsa na baya ne.

Yadda yake yi wa matarsa bayani, shafin intanet kamar kanti ne. Akwai gaba, inda mai saye ke shigowa ya ga kaya a jere, ya taɓa wannan, ya danna wancan. Akwai kuma baya, ɗakin ajiya, inda ake sanin abin da ya shigo da abin da ya fita. Mai saye ba ya ganin bayan, amma ranar da bayan ya rikice, gaban ya zama ado kawai. Shi a bayan nan ya yi furfura. Tun ana rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, da hannu layi-layi yake yi, har aka zo da abin da suke ce wa firemwok, wato gini ne da wasu suka riga suka kafa wa ginshiƙai, kai dai ka zo ka yanka ɗakunanka a ciki. Ya kama ɗaya mai suna Laravel ya riƙe gam, daga baya ya ɗan taɓa Django. A waɗannan biyun ko daga barci aka tashe shi zai ba da amsa.

Ofishin yana saman wani kantin katifa ne. Ɗaki ɗaya dogo, tebur a tsakiya, samari da 'yan mata sun jeru kowa da abin sauraro a kunne, sai wani ɗan ɗaki na gilashi a ƙarshe inda Manaja ke zama. Manajan nan kuwa Baban Baya ne ya koya masa aiki tun yana yaro mai rawar kai, shi ya sa har ya zama babba bai daina ce masa Baba ba.

Suna da wani tsari a wurin. Kowace safiya sai a tashi tsaye a yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. A tsaye ake yi don kada mai surutu ya ja. A irin wannan tsayuwar ce wata safiya Manaja ya ce aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan, don haka daga yau babu ɗan gaba babu ɗan baya, kowa zai yi duka. Gaban kuma da wani firemwok mai suna React za a riƙa yi.

Ya juyo da fara'a. "Baba, React ba zai ba ka wahala ba ko?"

Kafin ya amsa, Dogo, wanda shi ne babba a masu aikin gaba, ya riga shi. "Haba Manaja! Baban da aka haifi intanet a gabansa? Ai shi ya yanke mata cibi."

Aka kwashe da dariya. Idanu duk suna kansa, yara ne sa'o'in 'ya'yansa. Da a ɗakin gilashi aka tambaye shi, su biyu, wataƙila da ya faɗi gaskiya. Amma a nan sai ya ji bakinsa ya ce, "Abu kaɗan ne."

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ya yi. Yana dawowa gida zai zauna a teburin cin abinci ya kunna bidiyon koyarwa, wani yaro da ko gemu bai tsiro ba yana zuba bayani kamar ana korarsa. Abin da ya kwashe mako yana haddacewa, sai ya ci karo da wani bidiyon ana cewa wannan tsohon yayi ne, an daina. A nasa aikin na baya, idan ka yi kuskure injin yana gaya maka inda ka yi shi, ka je ka gyara. A wannan kuwa, shi dai yadda ya gani, sai ya taɓa abu ɗaya allon gaba ɗaya ya koma fari fat, babu ko ɗigo. Ya zauna yana kallon farin nan, farin yana kallonsa.

Wata Asabar da rana babbar 'yarsa ta zo wucewa da kwanon wanke-wanke. Ƙannenta Mai Tabarau suke ce mata, don tun tana firamare take sa gilashi. Shi kuma Mamana yake kiranta, saboda sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta gama karatun kwamfuta, tana gida tana neman aiki. Ta tsaya a bayansa ta leƙa.

"Baba, allonka ya yi wanka."

"Wuce ki ba ni wuri."

"Kawo in gani mana."

Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a zani, ta sunkuyo. Kafin ya gama gyara zama ta taɓa wurare biyu, komai ya dawo. Ta ɗauki kwanonta ta wuce tana 'yar waƙa.

Daga nan abin ya fara. Da farko tambaya yake yi. Sai ya koma cewa ta duba masa. Sai ya zama yana tura mata kwamfutar ya ja kujerarsa gefe. Da aka ba shi aikin wani asibitin haƙori, inda ake so mutum ya buɗe shafi ya ga kalanda, ya zaɓi ranar da zai zo ganin likita, bayan bai ɗauke shi komai ba, ya gama shi tsaf. Gaban kuwa, kalandar, Mai Tabarau ce ta rubuta ta daga farko har ƙarshe, a tsohuwar kwamfutarta mai tsagaggen murfi, Asabar da Lahadi. Shi yana gefe yana ɓare mata lemo. Ta yi abin da kyau. Ranar da ta cika sai ta dusashe, idan ka danna ta ta ɗan girgiza kamar mai cewa a'a.

Da ta gama sai ya ce ta yi masa bayani yadda zai faɗa a tsayuwar safe. Ta faɗa, ya maimaita. Ya shiga ɗaki ya sake maimaitawa a gaban matarsa tana guga.

Matar ba ta yi nisa a makaranta ba, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta jingine dutsen gugar ta ce, "Malam, ka gaya musu ba ka iya ba mana. Rashin iyawa ai ba sata ba ce."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane kana hadda kamar ɗan aji ɗaya."

Ya ɗauki rigar da ta goge ya rataye.

A ofis kalandar ta yi farin jini. Dogo ya buɗe ta a babban allo, yana danna ranakun da suka cika don kawai ya ga suna girgiza. "Jama'a ku zo ku gani! Baba ya taso daga baya ya ƙwace mana gaba. Mu sai mu koma sayar da katifa." Ya dai gano ɗan kuskure ɗaya: idan mutum ya wuce daga Disamba zuwa Janairu, shekarar ba ta canzawa. Ya gyara da kansa yana tsokana, wai Baba ba ya so shekara ta ƙaru ne. Baban Baya ya yi dariya tare da su. Ranar ko abincin da aka zubo masa daga gida bai iya ci ba, ya ba mai gadi.

Ana nan sai ofishin ya ce yana neman sabon hannu a aikin gaba. Mai Tabarau ta gani, ta zo da murna.

"Wurin nan ba daɗi gare shi ba, Mamana," in ji shi. "Zafi. Ga hayaniyar titi."

"Kai ka yi shekaru nawa a cikin zafin?"

"Akwai wurare da suka fi shi."

"To su kira ni mana. Ina nan zaune ina wanke kwanuka."

Ainihin dalilinsa ba ya faɗuwa. Ta nemi aikin. Kowa a ofis ya san 'yarsa ce, ta sha kawo masa makullin da ya manta. Aka ba ta jarabawa irin wadda suke ba kowa, ta tafi da ita gida: ta gina shafin da mutum zai kama layi a shagon aski. Shafin yana bukatar kalanda. Ita kuwa ga kalanda a kwamfutarta, wadda ta rubuta da yatsunta. Duk mai wannan sana'a haka yake yi, abin da ya taɓa rubutawa ba ya sake wahalar rubuta shi. Ta ɗauko, ta canza launi, ta ɗora. Ko a ranta ba ta kawo komai ba. Shi kuma bai tambaye ta ba, don tun da ta fara jarabawar yake kauce wa teburin.

Ranar Talata da hantsi Manaja ya leƙo ya ce, "Baba, ɗan zo."

Dogo na ciki, ya buɗe kwamfuta biyu gefe da gefe. A ɗaya asibitin haƙori, a ɗaya shagon aski. Baban Baya na gani ya sha jinin jikinsa.

Dogo bai yi wasa ba yau. Ya danna cikakkiyar rana a nan, ta girgiza. Ya danna a can, ta girgiza. Sannan ya tura ta shagon askin daga Disamba zuwa Janairu. Shekarar ta tsaya inda take.

"Har kuskuren, Baba," ya ce. "Wanda na gyara maka. Na buɗe cikin kod ɗin, layi-layi ɗaya ne."

Manaja ya rufe ƙofa, ya sassauta murya. "Baba, ni ba zan ɗaga maka murya ba, ka san matsayinka a wurina. Uba ne kai. Kowa yana so ya ga ɗansa ya samu. Amma jarabawa don mu ga hannunta ne, ba naka ba. Naka mun san shi."

Ga mafita an nuna masa. Ba a ce ya yi ƙarya ba, ba a ce bai iya ba. An ce uba ne mai son 'yarsa har ya wuce gona da iri. Gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula. Ya ji maganar ta taso har maƙogwaro, ya dubi Dogo, ya dubi yaran da ke waje ta cikin gilashi. Ya haɗiye.

"A yi haƙuri," ya ce.

"Ya wuce, Baba. A wurinka ya wuce." Manaja ya numfasa. "Ita ce dai ba za mu iya ɗauka ba."

Dogo ya rufe kwamfutocin. "Kuma gara ka sani, mu 'yan gaba duk mun san juna. Idan ta nemi aiki wani wuri, za a kira ni a tambaya. Ni ba zan bi ta da sharri ba, amma ba zan yi ƙarya ba."

Kafin azahar labari ya zaga teburin. Ba wanda ya ji haushinsa, abin ma dariya ya ba su. Wani ya zo wucewa ya dafa kujerarsa. "Baba, ni ma ƙanwata na da jarabawa, nawa kake yi?" Wata ta ce ita da mahaifinta zai yi mata haka da tuni ta zama manaja. Har shayi aka haɗo masa. A bayansa ya ji wani yana cewa, "Ka ga yarinya da tabarau kamar gaske, ashe hoto ce." Ya sa abin sauraro a kunne, bai kunna komai ba.

Da yamma ya sauka daga bas tun kafin tasharsu, ya ƙarasa da ƙafa. Ya tarar da Mai Tabarau a teburin, wayarta a gabanta, ƙannenta sun yi tsit kamar an yi mutuwa. Saƙon ofis ya riga shi isowa. Gajere ne: sun gode, amma ba sa karɓar aikin da wani ya yi wa mai nema.

Ta miƙe ta karɓi jakarsa kamar kullum. "Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa."

"Kalandar ce ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Laifina ne, ban yi tunani ba. Da suka tambaye ka, me ka ce musu?"

Ya dubi takalminsa. "Na ce a yi haƙuri."

Ta jira ko akwai saura. Babu. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa, ta mayar.

"To, Baba," ta ce.

Ta shiga kicin ta zubo masa abinci, ta kawo ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ajiye. Da ta yi masa tsawa, ko ta fasa kofi, da ya fi masa sauƙi. Loma ɗaya kawai ya kai. Ya tashi ya shige ɗaki.

Matarsa ta biyo shi ta tura ƙofa. Ba ta zauna ba.

"Ka bar su suna cewa ita ce ba ta iya ba?"

"Ki rage murya."

"Muryata a rage take. Amsa nake so."

"Idan na faɗa, korata za su yi. Ba rashin iyawar ba ma. Na sa hannu a kan ba zan nuna wa kowa aikin ofis ba, na kwaso na kawo gida. A shekaruna wa zai ɗauke ni? Yaran nan me za su ci?"

"Za su ci abin da Allah ya ba su." Ta matso. "Kai ka kusa sauka, Malam. Ita ko hawa ba ta yi ba. Duk Asabar ɗin da ƙawayenta ke fita, tana nan tana rufa maka asiri. Yau da aka zo rufa nata, ka ce a yi haƙuri."

"Kina so in je in tsaya a gaban yara in ce ni jahili ne?"

"Ni ban ce ka yi komai ba. Na dai ce ka fita ka dube ta."

Bai fita ba. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba yana hango gefen teburin. Mai Tabarau ta naɗe wayar cajin kwamfutarta, ta sa kwamfutar a jaka, ta ɗora a saman kabad, can inda ake ajiye abin da ba a bukata.

Washegari ya sa farar rigarsa mai kyau. Matar ta gani, ta dai gyara masa wuyan.

Aka yi da'irar safe. Kowa ya faɗi nasa, har aka zo kansa.

"Jiya ban yi komai ba," ya ce. "Dogo, kawo kwamfutarka. Haɗa ta da babban allo, ka buɗe kalandar asibitin."

Dogo ya dubi Manaja, ya ɗaga kafaɗa, ya haɗa.

"Yanzu ba ni aiki a cikinta. Kowane iri. Ƙarami."

"Baba, yau kuma wasan me za a yi mana?"

"Ba ni dai."

"To, likitan ya ce ya daina zuwa Alhamis. Rufe Alhamis."

Baban Baya ya ja kujera ya zauna, sauran duk suna tsaye a kansa. Ya buɗe kod ɗin. Bai yi wasa da abin ba, da gaske ya nema, don kada a ce da gangan ya ƙi. Ya gangara ƙasa, ya hau sama. Ya shiga wannan fayil, ya fita, ya shiga wancan. Duk abin da yake yi yana fitowa ƙato a allon bango. Ya ga wani wuri da ya yi kama da inda ake lissafa ranaku, ya rubuta layi ɗaya, ya adana.

Allon ya koma fari fat.

Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari. Baban Baya ya goge abin da ya rubuta, ya gwada wani. Fari. Ana jin ƙarar fanka da hon ɗin motoci daga titi. Gumi ya jiƙa bayan farar rigar har ta manne.

Manaja ya gane kafin kowa. Ya matso ya dafa shi. "Baba, tashi mu shiga ciki."

"A'a. A nan aka yi mata dariya, a nan za a gani."

Ya cire hannunsa daga kan kwamfutar ya ɗora a cinya. Bai iya ɗaga kai ba, da teburin yake magana.

"Ban iya React ba. Ban taɓa iyawa ba. Duk aikin gaban da na kawo muku, 'yata ce ta yi. Kalandar nan tata ce, ba ta ɗauki kayan kowa ba, nata ta ɗauka. Ni ne na ɗauki nata na sa sunana. Jiya aka tambaye ni, na yi shiru. Wanda ya ce hoto ce, to ga hoton nan zaune."

Ba wanda ya motsa. Yarinyar da ta haɗo masa shayi jiya ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Dogo ya miƙa hannu a hankali ya zare wayar babban allon, farin ya ɗauke.

A ɗakin gilashi Manaja ya daɗe yana murza goshi.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba? Ni fa? Da sai in bar ka a bayanka, wa zai ce wani abu?"

"Kai na koya wa aiki. Ta yaya zan zo in ce maka ban gane ba?"

"Ta ga sunayen marasa lafiya?"

Nan ne kawai ya ɗaga kai. "Ko ɗaya. Baya yana hannuna. Da sunayen ƙarya ta yi aiki."

"Na yarda. Amma dole in gaya wa masu kamfani, kuma ka san abin da ka sa wa hannu. Ka zauna a gida tukuna har su yanke. Ita kuma ta zo yau. Ta zauna a gaban Dogo ta yi sabuwa, muna kallo."

Ya fito kan matakala ya kira Mai Tabarau a waya. Ta daɗe ba ta ɗauka ba.

"Mamana, ki shirya ki zo ofis. Za su sake gwada ki."

"Me ka yi?"

"Na faɗa musu."

Ya ji numfashinta ya canza. "A gaban wa?"

"Kowa."

"Baba, wa ya ce ka yi haka? Ni na ce ka yi? Ba zan zo ba. In zo in zauna a inda aka..." Ta kasa ƙarasawa.

"Saurara. Na riga na tuɓe rigata a gabansu, ba ta mayuwa. Kada ki bar ni tsaye haka a banza. Sauko da kwamfutarki ki zo."

Bai koma sama ba. Ya sauka ya zauna a benci a ƙofar kantin katifa. Mai kantin, wani mai ƙiba da son hira, ya ɗauka iska ya fito sha.

"Injiniya, yau an tuna da mu? Wallahi kullum ina cewa wannan bawan Allah zama ya cinye masa baya. Akwai wata sabuwa da ta zo, ta likita, ka kwanta a kanta sau ɗaya sai ka yi mini addu'a."

"Wani lokaci."

"Kullum wani lokaci. Ku masu kwamfuta kun fi kowa maƙo."

Ya bar shi yana zuba. Bayan azahar ya hango ta ta sauko daga bas, jaka a kafaɗa, idanu a kumbure. Ta gan shi. Ta ɗan tsaya kamar za ta zo, ya yi mata alama da hannu ta wuce. Ta hau.

Yana nan zaune yaran ofis suka sauko sayen abinci. Kowanne ya ce, "Sannu Baba," da ladabin da ya fi na kullum, ba mai haɗa ido da shi. Ba wanda ya tsokane shi. Wannan ladabin ya fi dariyar jiya ciwo. Ya juya ya yi kamar yana duba farashin katifa.

Rana ta yi sanyi kafin ta sauko. Ta zo ta tsaya a gabansa, ta riƙe igiyar jakar da hannu biyu.

"Sun ce in fara ranar Litinin."

"Alhamdu lillahi."

"Dogo ya ba ni haƙuri. A gaban kowa ya yi. Ya ce duk wanda ya kira shi, shi ya san abin da zai faɗa."

"Yaron kirki ne. Bakinsa ne dai."

"Kai fa?"

"Za su kira ni."

Ta dube shi, ya dubi titi. Sun kira ɗin daga baya, amma don ya zo ya karɓi takardar sallamarsa ne, kuma ita ya aika ta karɓo. Har ya bar duniya bai sake hawa benen nan ba.

Suka kama hanyar tasha. Sai da suka kusa ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Babu wurin zama a teburin. Na duba. Guri ɗaya ne babu kowa, naka."

"Na sani."

"Ba zan iya zama a kai ba, Baba."

"Za ki zauna." Ya tsaya ya bar wani mai keke ya wuce. "Kujerar tana karkata hagu, ƙafa ɗaya ta fi guntu. Ki nemi kwali ki ninka biyu ki sa a ƙarƙashi. Kada ki yarda su ce za su canza miki, ta fi sauran daɗin baya."

Bas ya tsaya, ya matsa gefe ya ce ta fara shiga.